Kore, fari, kore a kan kek

Jiya na kwana ina fama da aisin ɗin farin ƙwai, irin wanda yake bushewa ƙamas a kan kek da biskit. Yaran gidanmu ne suka nace sai an yi musu kek mai kalar tutar Najeriya saboda bikin 1 ga Oktoba.

Na sayo garin sukari da kala a kasuwar Sabon Gari. Farin ƙwai 2, sukari giram 500 da na tankaɗe, sai ƙaramin cokali na lemon tsami. Kwaɓin farko ya ƙi tashi sam, ashe akwai ragowar maiƙo a robar. Na wanke ta tas na sake, na yi ta bugawa har ya yi tsini a bakin cokali.

Kuskurena shi ne gaggawa. Koren bai bushe ba na zuba farin a tsakiya, ga damshin ƙarshen damina, sai kalar ta tsiyaye cikin farin. Da safe kuma koren ya ƙara duhu, ya koma kamar miyar kuka.

Hajiya ta leƙo ta ce, "Wannan tutar wace ƙasa ce kuma?" Yaran dai ko ɓurɓushi ba su bari ba.