Jirgin da ya fita gwaji bai dawo ba

Daren jiya a teburin mai shayi wani abokina ya ce Ingila ba ta sa hannu a yaƙin basasar Amurka ba, wai 'yar ba-ruwana ce. Na ce masa a takarda kam haka ne. Muka yi ta musu har shayina ya huce, shi ya sa na dawo gida na zauna rubuta wannan.

An fara harbi a watan Afrilu 1861, bayan jihohin Kudu masu bayi sun ɓalle sun naɗa Jefferson Davis shugaba. Ranar 13 ga Mayu Sarauniya Victoria ta yi shelar cewa Ingila ba ta bayan kowa. Sai dai shelar ta ɗauki Kudu a matsayin ɓangaren da ke yaƙi, ba 'yan tawaye kawai ba. Ba ta kira su ƙasa ba, amma ta ba su kujera a zaure. Gwamnatin Abraham Lincoln, shugaban Amurka mai jagorantar jihohin Arewa, ta ji haushi ƙwarai.

'Yan Kudu sun dogara ne da auduga. Mafi yawan audugar da masaƙun Lancashire a Ingila ke ci daga gonakinsu take zuwa, don haka suka ɗauka in audugar ta yanke, yunwar masaƙa za ta ja Ingila ta zo da kanta. Ni jikan dillalin auduga ne daga Funtuwa, na san wannan tunanin: mai kaya yakan manta cewa mai saye ma yana da wasu kasuwanni. Ingila ta juya Indiya da Masar, ga kuma alkamar jihohin Arewa na Amurka da take buƙata a cikinta.

A Nuwamba 1861 saura ƙiris a gwabza. Wani kyaftin na Arewa, Charles Wilkes, ya tare jirgin wasiƙun Ingila mai suna Trent, ya sauke wakilan Kudu biyu, Mason da Slidell. Landan ta tura dubban sojoji Kanada, maƙwabciyar Amurka da ke ƙarƙashin Ingila a lokacin. Yarima Albert, mijin Sarauniya, yana cikin ciwon ajali, ya sassauta kalmomin takardar gargaɗin da Ingila za ta aika wa Amurka, Lincoln kuma ya saki mutanen.

Amma labarin da na fi so shi ne na jirgin Alabama. A Birkenhead aka ƙera shi, tsallaken ruwa daga Liverpool, ana kiransa da lamba 290. Jakadan Amurka, Charles Francis Adams, ya yi ta kai hujjoji wajen Lord Russell, ministan harkokin waje, cewa wannan jirgin yaƙi ne na Kudu. Ana ta jan ƙafa, lauyoyi na duba takardu. A ƙarshen Yuli 1862 jirgin ya fita da baƙi a kai, wai gwaji za a yi. Da aka yi nisa sai aka sauke baƙin a ƙaramin jirgi aka mai da su gida, shi kuwa ya miƙe. Umarnin tsare shi ya iso bayan ya tafi. Can a tsibiran Azores aka ɗora masa manyan bindigogi, kuma galibin ma'aikatansa 'yan Birtaniya ne. Ya kama ko ya ƙone jiragen Arewa sama da 60 kafin a nutsar da shi kusa da Cherbourg a Faransa, a Yuni 1864. To wannan wane irin ba-ruwana ne?

Gaskiya dai ba duk Ingila ce bakinta ɗaya ba. A Oktoba 1862 Gladstone, ministan kuɗi, ya faɗa a Newcastle cewa Davis ya kafa ƙasa. Shi kuwa Palmerston, firaminista, jira yake ya ga inda iska za ta kaɗa. Da Kudu ta kasa cin yaƙin Antietam, Lincoln kuma ya yi shelar 'yanta bayi, goyon bayan Kudu ya zama abin kunya. Ma'aikatan Manchester, waɗanda rashin auduga ya raba da abincinsu, su ne suka rubuta wa Lincoln wasiƙar goyon baya.

Mason ya zauna Landan har 1863, ba a taɓa karɓarsa a matsayin jakada ba. Ɓarnar da Alabama da sauran jirage irinsa suka yi kuwa sai da aka kai ta gaban masu sulhu a Geneva a 1872, Ingila ta biya dala miliyan 15 da rabi. Yau da daddare zan kai wa abokin nawa wannan adadi, shi zai biya kuɗin shayi.