Santambul ta koya min bakin magana

Na dawo daga Turkiyya satin nan, mutane sai tambaya suke wai har sai an je ƙasar waje a koyi zane? To bari in ba ku labari.

Jami'ar Mimar Sinan da na yi tana bakin ruwan Bosforus ne a unguwar Fındıklı, tun 1882 Osman Hamdi Bey ya kafa ta, kana aji kana hango jiragen ruwa suna wucewa. Ni kuma a Üsküdar na samu ɗaki, ɓangaren Asiya, kullum sai na tsallaka ruwa da katin biyan kuɗin jirgi na Istanbulkart da ƙatuwar jakar takardun zane, iska na neman ƙwace ta. Ni da a Kano ko Kwari ba a bari na je sai da rakiya!

Wani jami'i a wurin takardar izinin zama ne ya fara gasa min aya a hannu, ko kallona bai yi ba ya turo min fayil ɗina wai hoton bai yi ba, na fito na yi kuka na a bakin titi. Ba Yaya ba Baba, dole na share hawaye na nemi mai hoto da guntun Turkancina na koma layi. Amma tsohuwar da nake haya a gidanta, Allah Ya saka mata, shayi a ɗan kofin gilashi safe da yamma, in na ce na ƙoshi sai ta ɓata rai. Ita ta haɗa ni da wani dattijo mai ebru, zanen da ake yi a kan ruwa mai kauri, a yayyafa launi da burushin gashin doki a ja shi da tsinke sannan a shimfiɗa takarda ta ɗauke. Wai har ruwan matsarmamar shanu ake sa wa launin don ya baje, wallahi na ɗauka wasa yake min.

Abin da ya canza ni shi ne ranar kare aiki. Za ki liƙa aikinki a bango, malamai su zauna su yi ta tambaya me ya sa wannan launin, me ya sa nan. Mu da aka raine mu ba a musu da babba, da farko "to" kawai nake cewa. Da na kawo zanen yadi mai dagin Arewa da aska takwas cikin shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata, wani malami ya ce ya cika cunkoso, sai na ji bakina ya buɗe na ce Malam haka gaban babbar riga yake, cikar ita ce adon. Ya yi shiru, ya ce in kawo hotuna. Na kawo, na ci.

Kayan aiki kam akwai tsada, kuɗinsu lira na ta faɗuwa, takarda da fenti yau kuɗi kaza gobe sun tashi. Kuma kar ki sayi komai a babbar kasuwar Kapalıçarşı, farashin 'yan yawon buɗe ido ne, ki gangara Eminönü ki yi ciniki, sun san tayi sosai sai dai ba sa jan sa kamar mu.

Na leƙa Bursa, na je İznik ganin tayil ɗinsu mai shuɗi, Konya sanyi ya koro ni. Yanzu ina neman mai buga yadi a Kano da ba zai canza min launi ba, in kun san wani ku taimaka.