Laraba, ranar da sakamako ya fito

Sakamakon gwajin tsokar da aka ɗiba a jikina ya fito, kuma yau da hantsi likita ya zaunar da ni ya gaya mini cewa sankara ce a furostet, wato ƙullin naman nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda bututun fitsari yake ratsa tsakiyarsa. Na yi salati a zuci, amma bakina bai iya furta komai ba sai da ya sake maimaita maganar a hankali.

Ya nuna mini takardar. Gwajin jinin PSA, wato sinadarin da furostet ke fitarwa wanda yakan ƙaru a jini idan akwai matsala, ya ba da 11, alhali daga 4 ne aka saba fara zurfafa bincike. A ma'aunin Gleason, wanda ake duba kamannin ƙwayoyin cutar da shi, an rubuta 3+4=7, wato rukuni na 2 cikin rukunai 5. Ya ce irin wannan ba ta cika saurin yaɗuwa ba, amma ba za a yanke shawarar magani ba sai an ɗauki hoton MRI da hoton ƙashi, domin ƙashin baya da na ƙugu ne wuraren da cutar ta fi tafiya idan ta bar mazauninta. Idan tana nan a killace, akwai tiyatar cire ƙullin, akwai gashi da na'ura (wato ƙona ƙwayoyin cutar da haske mai ƙarfi), wani lokaci a haɗa da allurar da ke rage sinadarin namiji, tunda da shi cutar take girma. Bai ɓoye mini ba cewa tiyata tana iya barin mutum da yoyon fitsari da raunin mazakuta, kuma na ga girmansa da ya faɗa gaba da gaba.

A hanyar gida na wuce wata mota mai lasifika tana tallar maganin sanyi da basir, kuma na ji haushi ƙwarai, domin da waɗannan sunaye biyu maza da yawa muke lulluɓe duk abin da ya shafi ƙasan cibiya. Mutum zai riƙa tashi fitsari sau da yawa cikin dare, a ce masa sanyi ne, ya yi ta shan jiƙo har cutar ta isa ƙashi. Kunya ce take kashe mu fiye da rashin kuɗi, ko da yake kuɗin ma ba wasa ba ne, don kuwa cibiyoyin gashi a Najeriya kaɗan ne, kuma mai fansho irina dole ya yi lissafin tafiya da masauki.

Uwargida na fara gaya wa bayan azahar. Ta yi shiru, ta share hawaye da bakin mayafi, sannan ta ce, "Malam, Allah da ya saukar da cuta ya saukar da magani. Ranar hoton tare za mu je, kuma ba sai ka ce mini in zauna ba." Ban yi musu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne salla, domin na yi ta tunanin yadda zan tsaya a sahu idan fitsari ya ƙi riƙuwa. Bayan la'asar na keɓe da limamin unguwarmu na tambaye shi. Ya ce a mazhabar Malikiyya yoyon da ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya karya alwala, sai dai an so ya sabunta ta idan babu wahala, kuma ya sa ƙyalle don kare tufafi. Ya ƙara da cewa ba ni ne na farko da na kawo masa wannan tambaya ba. Da izinin mutumin, ya haɗa ni da wani dattijo da muke sahu ɗaya shekara da shekaru, wanda ashe an yi masa tiyatar tuntuni ban taɓa sani ba. Mun zauna har kusan magariba, ya koya mini motsa jijiyar riƙe fitsari da ake so a fara tun kafin aiki, ya kuma ce in riƙa rubuta tambayoyina a takarda, domin a gaban likita komai ɓacewa yake yi.

Da dare na kira ƙannena maza biyu, saboda likita ya ce wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya kamu yana cikin haɗari fiye da sauran mutane, kuma cutar ta fi kama baƙar fata, shi ya sa ake son su fara gwaji tun daga shekara 45. Babban ya ce zai je cikin satin nan. Ƙaramin kuwa cewa ya yi, "Yaya, ni fa lafiyata ƙalau," na ce masa a farkonta ba ta nuna alama ko ɗaya, kuma jini kawai za a ɗiba. Bai amsa ba tukuna, don haka gobe idan na dawo daga karɓar ranar hoto zan biya ta shagonsa.