Littafin da masu sharhi suka yi wa jana'iza tun 1961, har yau bai mutu ba

A shekarar 1961 Philip Toynbee, mai sharhin littattafai a jaridar Observer ta Landan, ya rubuta cewa an riga an manta da littattafan J.R.R. Tolkien, kuma mantuwar rahama ce. A wannan shekarar dai kwamitin kyautar Nobel ta adabi ya duba sunan Tolkien, wanda abokinsa C.S. Lewis ya gabatar, ya ture shi gefe. Sai a 2012, da aka buɗe takardun kwamitin bayan shekara 50, aka ga dalili: Anders Österling ya ce rubutun bai kai sahun na gwanayen ba da labari ba. A 1997 kuma kantin littattafai na Waterstones da tashar Channel 4 suka tambayi mutum wajen 25,000 wane ne gwarzon littafin ƙarni na 20, sai The Lord of the Rings ya zo na ɗaya. Marubuciya Germaine Greer ta ce mugun mafarkin da ta daɗe tana tsoro ne ya tabbata. Ya sake cinye ƙuri'ar BBC a 2003, da ta tashar ZDF ta Jamus a 2004.

Abu mafi sauƙi shi ne a ce masu sharhin 'yan girman kai ne, ko a ce masu karatun ba su san adabi ba. Duk biyun lalaci ne. Kowane ƙorafi da aka yi kan littafin nan yana da babin da za a buɗe a gwada shi, kuma in an gwada, wasu sun tsaya daram, wasu sun rushe. Wanda bai karanta ba kuma yake son ya ji ƙarshe da kansa, ya yi hattara, don zan faɗi yadda aka ƙare.

Da farko, ba littafi uku ba ne. Labari ɗaya ne mai kashi shida da rataye a ƙarshe, an rubuta shi tsakanin 1937 da 1949. Kamfanin George Allen & Unwin ne ya raba shi juzu'i uku saboda tsadar takarda bayan Yaƙin Duniya na Biyu da tsoron asara, kowane juzu'i a kan sule 21. Na farko ya fito a Yulin 1954, na biyu a Nuwamban shekarar, na uku sai Oktoban 1955, don ratayen ya ja lokaci. Ke nan masu sharhin farko sun yanke hukunci ne a kan sulusin labari, kuma sulusin da ya fi kowanne tafiyar hawainiya.

Wannan ƙorafi na jan ƙafa gaskiya ne, kuma a nan mafi yawan sababbin masu karatu ke ajiye littafin. Kashi na ɗaya babi 12 ne. An buɗe da bikin cikar Bilbo shekara 111, shi ɗan jinsin hobit ne, wasu gajerun halittu masu kama da mutane, sannan magajinsa Frodo ya zauna shekara 17 kafin ya motsa da zoben sihirin da Bilbo ya bar masa, zoben mugun sarki Sauron, wanda labarin duka a kan tafiyar hallaka shi yake. Babi na 6 zuwa na 8 sun tafi a kan tsohon daji da gidan Tom Bombadil, wani halitta mai yawan waƙa wanda zoben ba ya tasiri a kansa, wanda kuma ba a sake ganinsa a fage. Aragorn, ɗaya daga cikin manyan jaruman labarin, bai bayyana ba sai babi na 9. Dalilin haka a fili yake ga wanda ya duba tsofaffin rubuce-rubucen da Christopher, ɗan Tolkien, ya soma bugawa a 1988: Tolkien ya faro ne da niyyar ci gaban The Hobbit, littafin yara, bai san inda ya dosa ba. Wanda ya zama Aragorn ma da farko hobit ne mai takalmin katako, ana ce masa Trotter. Shirin rediyon BBC na 1981 da fina-finan Peter Jackson na 2001 zuwa 2003 duk sun yanke Bombadil, labarin kuma bai girgiza ba.

Mai son gwadawa ya tsallake dogon bayanin farko a kan tarihin hobit, ya daure har garin Bree a babi na 9. Zai sake cin karo da babi na 2 na kashi na biyu, taron gidan Elrond, wanda ya fi kowane babi tsawo, kalma wajen 15,000, kusan duk zance ne ana zaune. Kada ya yanke hukunci sai ya fito daga ramukan Moria a babi na 5. Wanda Moria bai kama shi ba, to ya haƙura, littafin ba nasa ba ne, kuma ba laifi. Amma jinkirin farkon ba duka ne a banza ba. Sai mai karatu ya san Shire, ƙasar hobit, da mashayarta da gonakinta da tsegumin mutanenta, sannan zai ji zafi a kashi na shida, lokacin da 'yan tafiya suka dawo suka tarar an sare itatuwa, an kafa masana'anta mai hayaƙi, an cika gari da dokoki da 'yan sanda.

Suka mafi shahara ita ce ta Edmund Wilson, babban mai sharhi a Amurka, a mujallar The Nation ta Afrilun 1956. Ya ce shirmen yara ne, na kirki a gefe ɗaya, mugaye a gefe ɗaya, jarumin ba ya fuskantar jarabawa ta gaske. Edwin Muir a Observer ya ce taurarin duk yara ne da suka sa rigar manya, kuma suna fita daga kowane haɗari lafiya lau. Wannan ne ƙorafin da ya fi saurin rushewa in an buɗe shafi. Boromir, ɗaya daga cikin 'yan rakiya tara, ya yi ƙoƙarin ƙwace zoben da ƙarfi. Saruman, shugaban masu hikima, ya ci amana. Denethor, mai riƙon sarautar Gondor, ya yanke ƙauna ya ƙona kansa. Gandalf, mai hikimar da ke jagorantar ayarin, da sarauniya Galadriel an miƙa musu zoben sun ƙi karɓa, don sun san abin da zai mai da su. Shi kansa Frodo, da ya isa bakin wutar da ya sha wahalar zuwa, kasa jefawa ya yi. Ya ce zoben nasa ne, ya sa a yatsa. Gollum, wani halitta da ya taɓa mallakar zoben, shi ne ya cije yatsan ya faɗa wuta da zoben, Gollum ɗin da ya rayu don kawai Bilbo da Frodo da Sam kowannensu ya taɓa samun damar kashe shi ya bar shi. Wannan ya faru a babi na 3 na kashi na shida, kuma akwai babi shida bayansa, waɗanda a cikinsu Frodo bai warke ba, mutanen garinsu ba su ba shi girman da ya kamata ba, daga ƙarshe ya bar ƙasar gaba ɗaya. Tolkien, mutumin da ya yi yaƙin Somme a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1916, wanda ya ce zuwa 1918 aminansa duk sun mutu sai ɗaya, shi ya rubuta wannan ƙarshe. Wilson ya ce ya karanta wa 'yarsa littafin duka da babbar murya, amma a sharhinsa ko sunan Gandalf bai rubuta daidai ba, abin da masoyan littafin ba su taɓa yafe masa ba.

Inda Muir ya yi gaskiya shi ne batun mata, don ya ce da ƙyar wani cikin taurarin ya san wani abu game da mata. 'Yan rakiya tara duk maza ne. Arwen, wadda Aragorn ya aura, labarinta na ainihi a rataye yake, a cikin babban littafin kalmominta kaɗan ne. Masu karewa sukan kawo Éowyn, wadda ta yi shigar maza ta fita yaƙi ta kashe sarkin mahaya baƙaƙen dawakai tare da taimakon Merry, da Galadriel. Matan biyu an gina su da kyau, amma biyu a shafi sama da dubu ba su isa amsa ba.

Batun launin fata ya fi wannan nauyi, kuma mai karatu ɗan Afirka zai lura da shi tun kafin wani ya nuna masa. Mutanen kudu, Haradrim, masu duhun fata da giwayen yaƙi, da mutanen gabas, suna cikin rundunar Sauron, na kirki kuma galibi daga yamma da arewa suke. Jinsin Orc kuwa, dodannin da ke yi wa mugaye yaƙi, ana karkashe su ba a waiwaye. Akwai hujjoji biyu da ake kawowa. Ɗaya a babi na 4 na kashi na huɗu, inda Sam ya ga gawar wani sojan kudu, ya shiga tunanin ko mene ne sunansa, ko da gaske mugu ne, ko ƙarya ko barazana ce ta raba shi da gida. Ɗayar ita ce amsar da Tolkien ya tsara wa wani kamfanin ɗab'i na Jamus a 1938, da suka tambayi asalin jininsa kafin su buga The Hobbit, inda ya nuna ƙyamar tambayar kuma ya yabi Yahudawa. Duk biyun sun nuna halin mutumin. Ba su goge taswirar da ke shafi ba. Shi ma batun Orc ya dame shi, ya yi ta sake tunani a kan asalinsu har ya rasu a 1973 bai tsayar da magana ɗaya ba.

Sai salo. Tolkien farfesan tsohon Ingilishi ne a Oxford, ya taɓa aiki a babban ƙamus na Oxford, kuma harsunan da ya ƙirƙira, Quenya da Sindarin, sun girmi labarin. Harshen littafin yana sauyawa da gangan. A Shire magana ce ta ƙauye, mai raha. In aka isa Rohan da Gondor sai jimloli su juya, tsofaffin kalmomi su shigo, kamar ana karanta tarihin sarakuna. Ga waƙoƙi sama da 60. Michael Moorcock, a maƙalarsa ta 1978, ya ce rubutu ne na lallashi irin na ɗakin renon yara, mai sa mutum ya yi barci. Ursula Le Guin kuwa ta ce sai an karanta da murya ake jin kiɗan jimlolin. Tom Shippey, wanda shi ma masanin tsohon Ingilishi ne, ya nuna a littattafansa na 1982 da 2000 cewa a taron Elrond kowane mai magana da irin ginin jimlarsa, har ana iya gane Saruman daga zancensa irin na 'yan siyasar zamani. A ganina Shippey ya fi kusa da gaskiya, amma a kashi na biyar akwai wuraren da girman harshen ya zama kumbura. Wanda Ingilishi ba harshensa na gida ba ne ya sa ran nan ne zai fi buƙatar ƙamus. Waƙoƙin kuma yana iya tsallake yawancinsu a karatun farko.

Akwai gwaninta ɗaya da masu sharhin farko ba su kula da ita ba, don sun auna littafin da ma'aunin ƙagaggen labarin zamani mai bin zuciyar mutum ɗaya. Bayan ayari ya watse, kashi na uku, babi 11, ba Frodo ko kaɗan. Kashi na huɗu ya koma baya ya bi Frodo da Sam a waɗancan kwanakin, ya tsaya a inda maƙiya suka kama Frodo da rai. Kashi na biyar ya sake barinsu. Saboda haka, da manzon Sauron ya fito ƙofar Mordor, ƙasar ubangidansa, ya nuna wa Gandalf sulken Frodo, mai karatu yana cikin duhu ɗaya da Gandalf, bai san ko komai ya lalace ba. Fim ya haɗa zaren biyu yana tsalle tsakaninsu, wannan fargabar ta ragu. Tolkien ya tsara ranaku da nisan tafiya da yanayin wata su dace a duk zaren, kuma rataye na biyu yana da jadawalin kwanakin ga wanda ya rikice. Wannan ne abin da masu karatu ke nufi in sun ce duniyar littafin tana da ƙasa a ƙarƙashinta.

Farin jinin kansa ya ƙara rura wutar. A 1965 kamfanin Ace na Amurka ya buga littafin da bango mai laushi, mai araha, ba da izinin marubuci ba. Ballantine suka fito da halastaccen bugu ɗauke da saƙon Tolkien yana roƙon masu mutunta marubuta su sayi wannan kaɗai. Rigimar ta zame masa talla, ɗaliban jami'o'in Amurka suka rungume shi, suna maƙala bajo mai cewa Frodo na nan da rai. Daga nan wasu manazarta suka ɗauki yawan masoya a matsayin shaidar rashin inganci. Daga 1977 kuma kasuwa ta cika da masu kwaikwayo, kowa da taswirarsa da mugun sarkinsa da juzu'i uku, aka riƙa ɗora wa Tolkien laifinsu. Ita ma ƙuri'a ba ma'aunin inganci ba ce, ƙauna take aunawa, kuma masoyan Tolkien sun fi kowa fitowa in ana jefa ta.

W.H. Auden, wanda ya yabi littafin a New York Times, ya lura tun 1956 cewa ba wanda ke da matsakaicin ra'ayi a kansa. Shi kuwa Tolkien, a gabatarwar bugu na biyu, ya ce wasu da suka karanta littafin, ko dai suka yi sharhinsa, sun same shi abin gundura da raini, kuma ba ya ƙorafi, don shi ma haka yake ganin nasu rubutun. Aibi ɗaya ya yarda ya ambata, wanda ya ce wasu ma sun faɗa: littafin ya yi gajarta.