Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Allon Guga

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda na fita takaba, na dawo gidanmu a Mabera da 'ya'ya uku da keken ɗinki Butterfly da marigayi ya saya mini. Na kuma gaya muku yadda na fara bin teloli ina karɓar ƙyallayen atamfa da suke sharewa, ina haɗawa ina ɗinka bargon gado.

Aikin kuɗi na farko, maƙwabciyarmu ce ta ba ni, za ta kai ɗiyarta ɗaki kafin sanyi ya shigo. Na yanka ƙyallayen daidai wa daida, wasu na raba su biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Mako uku ina kai. Guga kuwa a kan katifa nake yi, in shimfiɗa zani in bi ɗinkin. Ranar da na baza bargon a tsakar gida, gabana ya faɗi. Gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kusurwoyin sun ƙi haɗuwa, tsakiyar ta tashi kamar an kife ƙwarya a ƙarƙashi. Ga shi na riga na ci rabin kuɗin.

Inna ta same ni ina hawaye. Ta duƙa ta shafa ɗinkin, ta leƙa ɗaki, ta ce, "Ke ɗiyar ga, keke ba shi da laihi. Katihwa ta. Wa ka guga bisa abin da ka nutsewa?"

Gaskiyarta. Idan ƙasa na da laushi, dutsen guga yana danna yadi ya lotsa, shi kuma ƙyallen da aka yanka a karkace ba ya jure ja, nan da nan yake miƙewa. Kowane ya ƙaru kaɗan, in an haɗa ɗari sai ɓarnar ta fito fili.

Washegari na tafi rumfar Kawu, kafinta ne a wajen Tsohuwar Kasuwa. Ya zaro ragowar katakon da ya yi wa wata amarya kabad, ya yanka mini ƙafa 2 da ƙafa 3, kaurinsa kamar babban yatsa. Ya kashe kaifin kusurwoyin, ya huda ramuka nan da can don tururi ya sami hanya, kada katakon ya jiƙe ya lanƙwashe. Sai ya ce, "In sa miki soso kamar na kujera?" Na ce, "A'a Kawu, laushin ne ya kawo ni nan." Soso ma ba ya shiri da zafi. Ko sisi bai karɓa ba, Allah Ya saka masa da alheri.

Abin shimfiɗawa a kai ne ya tsayar da ni. A akwati akwai bargon marigayi, mai ruwan toka, wanda yake lulluɓa da shi in ya dawo daga masallaci da asuba lokacin hunturu. Tun rasuwarsa ban buɗe shi ba. Inna ta zare zare ɗaya ta ƙyasta ashana. Ya yi ƙauri irin na gashi, tokar ta marmashe a yatsa. Ta ce ulu ne na gaske, da na roba ne da ya narke ya dunƙule. Ulu yana riƙe zafi, sai yadi ya gogu ta sama da ƙasa. Na daɗe da almakashi a hannu. Daga baya na yi bismillah na yanka, ragowar na ninke na mayar akwati saboda yara.

Ninki biyu kawai na yi. A sama na ɗora akoko, bayan na wanke shi ya gama tsukewa. Ban sa atamfa ba, domin in ruwa da zafi suka haɗu tana iya zuba ta ɓata farin ƙyalle. Muka kife katakon, Inna tana ja ina buga ƙananan ƙusoshi ta baya, daga tsakiyar kowane gefe, sannan na ɗaya ɓarin, kusurwa ce ƙarshe. Da muka juya na buga tafi a kai, ya yi tauri kamar fatar kalangu.

Dare uku na yi ina farke bargon amarya. Na hura dutsen gawayi, na yayyafa ruwa, wannan karon ban ja dutsen ba. In ɗora, in dakata, in ɗaga. Kowane ɗinki na kwantar da shi wajen ƙyalle mai duhu don kada ya nuna. Waɗanda suka miƙe da yawa na sake yanka wasu.

Ana saura kwana biyu jere na kai mata. Ta baza a kan gado, ya kwanta lif. Yayar ango tana wurin, ta tambayi nawa nake yi. Yadda muka ƙare da ita, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.