Ƙannena masu aikin albashi a Indiya, ku yi lissafin harajinku da kanku

Ni aikin tafinta nake yi a wani asibiti a Delhi, ina fassara wa marasa lafiyanmu da ke zuwa daga gida, kuma wallahi har yau in na tuna kuɗin da na yar a 2023 sai raina ya ɓaci.

A nan tsarin haraji biyu ne, tsoho da sabo wanda aka kawo a 2020. Tsohon kason da ake yanka ya fi yawa amma ana rage maka wasu abubuwa kafin a lissafa, kamar kuɗin haya da inshorar lafiya da ajiyar da suke kira 80C har rufi 150,000. Sabon kuma kaso kaɗan ne amma kusan duk wannan rangwamen babu.

To da ofis suka turo fom ɗin zaɓen tsari a watan Afrilu sai na tambayi na kusa da ni, ya ce tsoho ya fi, na bi shi ido rufe, ban tsaya na lura cewa shi yana biyan bashin gida na banki ba ga inshora ga kuɗin makarantar yara, ni kuwa yawancin ajiyoyin nan akwai kuɗin ruwa a ciki ba na taɓa su, mai gidan hayata ma ya ƙi ba ni lambar PAN ɗinsa, wato lambarsa ta haraji, wadda dole ce kafin ofis su rage maka kuɗin haya in hayar shekara ta wuce 100,000. Albashina 700,000 ne a shekara, abin da na iya nunawa 60,000 kacal na fansho. Aka yanke min 31,720. A sabon tsari ko rufi ɗaya ba zan biya ba.

Abin da ya fi ci min rai, ashe mai albashi yana iya canza tsari lokacin cike takardar haraji kafin 31 ga Yuli a dawo masa da rarar, ni na kwafe Form 16, wato takardar da ofis ke bayarwa mai nuna albashi da harajin da aka yanke, kawai na tura.

Don Allah duk Afrilu ka zauna da takardar albashinka, ka rubuta rangwamen da kake da shaidarsa a hannu kawai, ka gwada tsarin biyu a kalkuletan shafin hukumar haraji. Tun Afrilun 2025 mai albashin da bai wuce 1,275,000 ba babu abin da zai biya a sabon tsari, in kana ƙasa da haka kar ma ka wahalar da kanka neman rasit.