Kawu ya ce wannan ba yaƙi ba ne

Littafin ya yi wata biyu a wurin Kawu kafin ya dawo mini da shi, bangon ya lanƙwashe, shafi ɗaya da tabon shayi. Kawu tsohon soja ne, ya je Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma tun da ya yi ritaya ba abin da yake karantawa sai labarin yaƙi. Ya miƙo mini ya ce, "Kai yaro, ka sa na yi kwana uku ban yi barci ba, ashe mura ce za ta kashe su. Wannan ai ba yaƙi ba ne."

Littafin shi ne The War of the Worlds na H. G. Wells, wanda ya fito a 1898. Wasu halittu daga duniyar Mars sun sauka a wani fili kusa da garin Woking a Ingila, suka haɗa injina masu ƙafa uku, dogaye sun fi gidaje, suna fesa wani zafi mai ƙone duk abin da ya taɓa, da baƙin hayaƙi mai guba. Sojojin Ingila sun ja igwa sun yi iya yinsu. Sun kayar da inji ɗaya a bakin kogin Thames, wani jirgin ruwan yaƙi mai suna Thunder Child ya gama da biyu kafin shi ma a hallaka shi. Daga nan sai gudu, Landan ta watse. A ƙarshe ƙwayoyin cutar duniyarmu ne suka kashe baƙin, don jikinsu bai san su ba.

Abin da ya ɓata wa Kawu rai ke nan. Shi so yake ya ga kwamanda ya zauna da taswira, an gano lagon injin, an yi masa kwanton ɓauna. Ya ce abu mai ƙafa uku, ai rami za ka haƙa masa ka rufe da ciyawa. Na ce, "Kawu, suna hango ka daga sama fa." Ya ce to a haƙa da dare. Ƙanwata kuwa, da take karatun aikin jinya, ƙarshen ne ya fi burge ta. Ta ce duk wanda ya kwana a ɗakin yara masu ƙyanda ba zai raina ƙwayar cuta ba. Sun kusa awa guda suna musu a tsakar gida, har tuwo ya huce.

Dama labarin nan ya saba tayar da hankali. Ranar 30 ga Oktoba 1938 wani ɗan wasan kwaikwayo mai suna Orson Welles ya mayar da shi wasan rediyo a Amurka, a sigar labarai da ɗumi-ɗuminsu, wasu suka ɗauka gaske ne, ko da yake jaridu sun ƙara wa firgicin gishiri. A 1949 wani gidan rediyo a Quito ta ƙasar Ekwado ya kwaikwayi hakan, da mutane suka gane wasa ne suka cinna wa ginin wuta, har aka rasa rayuka.

Ni abin da ya tsaya mini daban ne. A babin farko Wells ya tuna wa 'yan ƙasarsa yadda Turawa suka ƙarar da mutanen tsibirin Tasmaniya, wato kafin su zargi baƙin su dubi hannunsu. Kuma a shekarar da littafin ya fito aka yi yaƙin Omdurman a Sudan, inda bindigar Maxim, mai aman harsashi kusan 600 a minti guda, da igwa suka kashe mayaƙan Mahadi wajen 10,000, ɓangaren Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Shekara biyar bayan haka abin ya iso gida. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Mahayin da ya sa lifidi ya zaburi doki ya nufi abin da ke yanka mutane tun daga nesa, bai ma ga fuskar mai harbin ba, da me ya bambanta da sojan da ke bakin Thames? Sai dai su ba wata cuta da ta zo ta cece su. Shi ya sa in na ji mai karatu yana ƙorafin wai sojoji ba su yi nasara ba, sai in ga kamar bai taɓa tunanin kakansa na iya zama a ɓangaren da ake ƙonawa ba.

Na faɗa wa Kawu haka. Ya yi shiru yana juya carbi, can ya ce a cikin littafin mutum ɗaya ya yarda da shi: sojan igwar nan da ya cika baki zai tara jama'a a ƙarƙashin ƙasa su yaƙi baƙin, ashe ɗan ramin da ya fara ma ya kasa ƙarasawa, sai karta da giya. "Na san irinsa," in ji shi, "mun kwana da su a rami ɗaya."

Da zai tashi ya sake ɗaukar littafin. Wai wajen jirgin ruwan nan zai ƙara karantawa, yana zargin kyaftin ɗin ya yi saurin matsawa kusa.